Yadda ake rubuta adireshin ƙauye har saƙo ya iso daga ƙasar waje

Ran wata Lahadi, kasuwar Tawa tana tsakar ci, kawuna ya shigo shagona na buga takardu, bai ko zauna ba ya miƙo mini salularsa. Ɗansa da ke aiki a Marsai ta Faransa ne ya turo saƙon murya. Yana son aiko masa da tabarau da wasu takardu, amma takardar da aka ba shi ya cike a gidan wayar can tana neman abin da suke kira code postal, wato lambar gidan waya.

Kawu ya ce: "Ɗana, wai garinmu na da lamba? Ni dai 227 na sani, ita na ce mai shi sa."

Na ce: "Kawu, wannan ta kiran waya ce. Ta wasiƙa daban take. Zauna ka sha ruwa, yanzu za mu gyara."

Ba shi kaɗai ba ne. Da wuya sati ya wuce ban ga wanda wannan ƴar tambaya ta tsayar ba: ɗalibi mai neman gurbin karatu a waje, ɗan kasuwa mai odar kaya daga Cana, uwar da ɗanta ke cin rani a Tamanrasat ko Abijan. Mu Adarawa rabinmu na kan hanya kullum, don haka maganar adireshi ba ta rabuwa da mu. Ga yadda nake yi wa mutane, daki-daki, daga neman lambar har ranar da kaya za su shiga hannu.

Mataki na ɗaya: ka san abin da lambar take nunawa

Lambar gidan waya a Nijar alƙaluma huɗu ce. Na farko jiha yake nunawa: 1 Agadas, 2 Difa, 3 Doso, 4 Maraɗi, 5 Tawa, 6 Tilaberi, 7 Damagaram, 8 Yamai. Wanda ya tuna tsofaffin lambobin mota ba zai sha wuya ba, don jerin ɗaya ne. A lokacin, mota in ta fara da 5 kowa ya san ta gida ce. In ka lura, an bi harafin farko na sunayen jihohin ne a rubutun Faransanci, daga Agadez zuwa Zinder, sannan aka ajiye Yamai a ƙarshe. Sauran alƙaluma ukun su ke nuna ofishin gidan waya a cikin jihar. Garin Tawa 5000 ne. Yamai na da ofisoshi da dama, amma 8001 ce aka fi gani a kan wasiƙu.

To a nan ake yawan tuntuɓe. Mutane sun ɗauka kowane ƙauye na da tasa lambar, kamar yadda kowane ɗan ƙasa ke da lambar katinsa. Lambar ta ofishi ce. Ka ɗauke ta kamar rubutun da ake yi a jikin buhun albasar Galmi da za a loda wa babbar mota. An rubuta garin da za a sauke, ba a rubuta gidan matar da za ta yanka ta a miya ba. Ma'aikacin da ke rarraba wasiƙu a Yamai bai san ƙauyenku ba, kuma ba ya buƙatar ya sani. Ya ga 5, ya jefa a buhun Tawa, aikinsa ya ƙare. Ƙauyuka ɗari suna iya raba lamba ɗaya in ofishi ɗaya ne ke kula da su.

Kada ka ce wannan talaucinmu ne. A Faransa, inda ake amfani da alƙaluma biyar tun 1972, biyun farko gunduma suke nunawa, 75 Faris, 13 gundumar da Marsai take, kuma a karkararsu ƙananan ƙauyuka da yawa kan taru a ƙarƙashin lamba guda. Amurka ta fara nata tsarin a 1963, shi ma hanyar rabon wasiƙa ya bi, bai bi iyakar gari ba. Ƙasar Ayilan ce ta yi abin ban mamaki a 2015, ta ba kowane gida lambarsa. Bambancinmu da su ɗaya ne, kuma babba ne. A can akwai mai rabon wasiƙa da ke bin ƙofa-ƙofa, ya ƙarasa abin da lamba ta fara. A nan wasiƙa tana tsayawa a akwati cikin gidan waya, sai an zo an ɗauka. Duk sauran matakan da ke ƙasa dabara ce ta cike wannan ratar da ke tsakanin akwati da ƙofar gida.

Mataki na biyu: zaɓi ofishin da kaya za su sauka

Ka tambayi kanka: mutanen garinmu, wane babban gari suka fi zuwa? Ina suke cin kasuwa, ina motarmu take tsayawa? Ba lalle ne ya zama garin da magajin garinku yake zaune ba. Ƙauyen kawu yana ƙasar Keita, amma duk sati akwai mai shigowa Tawa daga can, kuma a Tawa muke da mutum. Saboda haka Tawa muka zaɓa.

Shawarata ita ce ka fifita ofishin da kake da amintacce kusa da shi, ko da ya fi nisa da kilomita talatin. Ofishi na kusa da ba ka da kowa a garin, kaya za su yi ta zama a ciki har a mayar wa mai su.

In ka tsai da ofishi, je da ƙafarka, ka tambayi ma'aikacin da ke taga lambar ofishin nan, ka rubuta a gabansa. Akwai shafuka a intanet masu jera wai lambar kowane ƙauye na duniya. Suna kwafar juna ne, kuskuren ɗaya ya zama na goma. Minti biyar a gidan waya ya fi su.

Mataki na uku: akwati, da wanda za a bi ta hannunsa

BP da kake gani a takardun hukuma akwatin gidan waya ne, ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli, da lambarsa a jiki. Ana hayarsa shekara-shekara. Ka je da katin shaidarka, ka cike takarda, ka biya, a ba ka makulli. In kuna da ƙungiyar ƴan asalin gari, irin wadda ke tara kuɗin gyaran rijiya ko masallaci, wannan ita ta fi dacewa ta kama akwati ɗaya da sunan kowa. Kuɗin shekara in an raba shi ba ya kai na goron suna.

In ba ku da akwati, sai a ara. Wannan tsohuwar al'ada ce a ƙasashenmu masu Faransanci, kuma tana da haruffanta: s/c, wato a ƙarƙashin kulawar wane. Ka rubuta sunanka, a ƙasa ka sa s/c da sunan mai akwatin. Iyayenmu da suka yi zamanin wasiƙa sun san ta sarai. Ta akwatin mushen lakwal, wato malamin makaranta, ko na malamin asibiti wasiƙun ƴan cin rani suke isowa, a karanta wa mutum a zaure.

Abu biyu nake roƙon mutane a nan. Na ɗaya, ka nemi izinin mai akwatin tukuna, ka faɗa masa abin da ke tafe da lokacin da ake sa ransa. Na biyu, ka tambaye shi, cikin ladabi, ko ya biya kuɗin bana. Akwatuna da yawa sun mutu tun da salula ta shigo, masu su na nan suna ba da lambar bisa sabo, alhali makullin ma ya ɓata.

Akwai hanya ta uku ga wanda ba shi da kowa: a rubuta Poste restante a maimakon BP. Ma'anarta a ajiye a ofis, mai shi zai zo da katinsa ya karɓa. Tana aiki, amma ba a riƙe kaya har abada, don haka sai kana leƙawa.

Mataki na huɗu: sunan gari, inda aka fi yin ɓarna

Nan zan daɗe, don a nan na taɓa ƙonewa.

Sunayen garuruwanmu kamar sunayen ƴaƴanmu suke, ana maimaita su. Sabon Gari nawa ka sani? Sabon Gida fa, ko Tudun Wada, ko Zango? Kusan kowace gunduma na da nata. Wannan ma cikin gida ke nan. Ka tsallaka iyaka ka ga abin mamaki. Akwai Illela tamu ta jihar Tawa, akwai kuma Illela ta jihar Sakkwato a Najeriya, wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni. Akwai Gaya ta Doso, akwai Gaya ta Kano. A ƙasar Madawa akwai garin Bangi, wanda a takarda ake rubuta shi Bangui, harafi da harafi kamar babban birnin Afirka ta Tsakiya. Ka ba ma'aikacin wata ƙasa wasiƙa mai Bangui a jiki, ina kake zaton zai jefa ta?

Shekarun baya wani ɗan'uwana yana koyarwa a Illela. Wani abokin karatunsa a Ingila ya tashi aiko masa da littattafai, ni na rubuta musu adireshin, kuma na yi shi a gajarce: suna, Illela, Niger. Ba lamba, ba jiha. A wani wuri a hanya, wani mai son gyara ya ɗauka an manta haruffa biyu ne, ya ƙara su da biro. Kwalin ya tafi Najeriya, ya yi yawonsa, bayan wata uku ya koma hannun mai aikowa da tambura a jiki kamar fasfon direban babbar mota. Ban zargi kowa ba. Wanda ya rubuta Illela da Niger kawai, shi ya buɗe ƙofar.

Maganin abu uku ne. Na farko, sunan ƙauye ba ya tafiya shi kaɗai. Ka bi shi da sunan kwamin, wato ƙaramar hukumarku, in da hali har da gunduma. Sabon Gari na kwamin kaza ɗaya ne tak a duniya.

Na biyu, rubutun. Mu muna cewa Tawa, takarda na cewa Tahoua. Madawa ita ce Madaoua, Buza Bouza, Bagaruwa Bagaroua, Badagishiri Badaguichiri, Cintabaradan kuwa Tchintabaraden. Dokar ba ta da wuya: inda muke sa u ko w su kan sa ou, sh ta zama ch, c ta zama tch, j ta zama dj, gi ta zama gui. Ina son rubutun Hausa, da shi nake wannan bayani, amma a bayan ambulan rubutun hukuma za ka sa, don shi ne a littattafan ma'aikata da cikin kwamfutocinsu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauko takardar haihuwarka ko katin shaidarka ka kwafi sunan garin yadda yake a ciki. In kana son tabbaci fiye da haka, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da kundin sunayen garuruwa da ƙauyuka a 2014, bisa ƙidayar 2012, ana kiransa RENALOC. A ciki akwai kowane ƙauye da ƙananan tungaye, da yawan mutane da gidaje, da alƙaluman da ke nuna wurin a taswira, an jera su kwamin-kwamin. Wanda ya iya bincike a salula zai same shi. In ka ga ƙauyenku a ciki, yadda aka rubuta shi a can shi ne sunansa na hukuma, ko da bai yi maka daɗi a ido ba.

Na uku, sunan ƙasa. Kada ka taɓa barin Niger tsirara. Ka sa RÉPUBLIQUE DU NIGER da manyan haruffa, in kana so ka ƙara Afrique de l'Ouest. Mai biro ba zai samu wurin ƙara komai ba.

Lambar ma ba ta tsayuwa da ƙafarta in ba sunan ƙasa. Wannan 5000 tamu ita ce kuma lambar birnin Namur a Beljiyam da ta Adelaide a Ostireliya. 8001 ta Yamai ita ce ta tsakiyar Zurik a Suwizalan. Kowace ƙasa ke yanka nata lambobin. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a Bern tun 1874, tana tsara yadda ƙasashe ke miƙa wa juna saƙo ne, ba ta raba wa garuruwa lamba.

Mataki na biyar: jera shi a bayan ambulan

Daga ƙarami zuwa babba ake tafiya: mutum, gari, akwati, ofishi, ƙasa. Ga yadda na tsara wa kawu, na cire sunaye:

SUNAN MAI KARƁA DA NA MAHAIFINSA
s/c SUNAN MAI AKWATI
Village de (sunan ƙauye), Commune de Tamaské
BP (lambar akwati)
5000 TAHOUA
RÉPUBLIQUE DU NIGER
Tél. +227 (alƙaluma takwas)

Lambar gidan waya tana zuwa a gaban sunan garin da ofishin yake, a layi ɗaya, ba a gaban sunan ƙauye ba. In ka rubuta 5000 ka bi ta da sunan ƙauyenku ka rikita mai rabo.

Sunan mai karɓa ya zama wanda ke jikin katinsa. Wannan ƙaramin abu ne mai hana mutum kayansa. Kawu duk duniya da laƙabinsa na kasuwa aka san shi, ɗansa ma da shi ya yi niyyar rubutawa. Ranar karɓa kuwa kati za a nema, kuma kati bai san laƙabi ba. Haka mata: a sa sunan yanka, ba sunan da dangin miji ke kira ba.

Lambar waya kuma ta zama wadda ke kunne. In a ƙauyenku sai an hau tudu ake samun layi, sa lambar mai akwatin, ko ka sa biyu. A yau yawancin saƙonni kiran waya ne ke ƙarasa su.

Mataki na shida: in a intanet ake cikewa

Fara da zaɓen ƙasa, ka buɗe ido. A jerin ƙasashe Niger na bisa Nigeria, layi ɗaya ne tsakaninsu, babban yatsa kuma ba ya da hankali. In ka ga shafin ya nace sai alƙaluma shida, ko ya kawo maka jerin jihohi irin su Kano da Legas, ka san ka taɓa maƙwabta. A taƙaice tamu NE ce, tasu NG.

A gurbin lambar gidan waya sa huɗun nan kawai. Kada ka sa 227, kada ka sa lambar akwati. Akwatin yana shiga layin adireshi ne. Wasu in shafi ya nemi alƙaluma biyar sai su ƙara sifili don a wuce wurin. Ka sani 05000 lambar garin Gap ce a Faransa, 50000 kuma ta Saint-Lô. In sunan ƙasa ya fito daidai ba lalle ta cutar ba, amma ni na fi son in koma in duba zaɓen ƙasa, don sau da yawa can matsalar take.

Kamfanonin aike masu zaman kansu, irin masu kawo kaya ta jirgi cikin ƴan kwanaki, galibi ba sa sa kaya a akwatin gidan waya. Su wuri suke so da lambar waya. A nan sai ka ba da adireshin wani a Yamai ko cikin garin Tawa, da unguwa da wata alama da kowa ya sani. A Yamai tituna na da lambobi masu haruffan unguwa, PL na Filato, YN na Yantala, KK na Kwara Kano, ana ganinsu a ƙananan alluna a kusurwar gini. Ka sa ta in akwai, amma ka haɗa da alama, kusa da masallaci kaza ko bayan gidan mai kaza, don ɗan kabu-kabun da zai kawo kayan da alama yake aiki, ba da allo ba.

Mataki na bakwai: ɗauko wurin da salula

Abin da lambar gidan waya ta kasa, wato nuna ƙofar gida, salula na yinsa yanzu. Ka yi wannan sau ɗaya, ka ajiye har abada.

Tsaya a ƙofar gidan, a fili, ba cikin ɗaki ba. Kunna alamar wuri a salular, buɗe Google Maps, ka jira shuɗin ɗigon ya natsu, da'irar da ke kewaye da shi ta ƙanƙance. Taɓa ɗigon. Za ka ga wata gajeriyar lamba mai haruffa da alamar tarawa a tsakiya, ana kiranta Plus Code. Cikakkiyarta haruffa da alƙaluma goma ce, kuma tana nuna fili mai kimanin mita 14 a kowane gefe, wato kusan girman tsakar gida. Na garin Tawa da kewayensa suna farawa da 7F67, na Yamai da 7F54. Manhajar kan yanke huɗun farko ta sa sunan gari a madadinsu. A birni wannan ba laifi, amma a ƙauye mai suna irin Sabon Gari ka nemi cikakkiyar, kada mu koma gidan jiya. Babu wasali a cikinta, babu sifili ko 1, don haka in wani ya karanto maka da O ko A, ya yi kuskure.

In ka fi son alƙaluma zalla, danna wurin ka riƙe, za su fito biyu. Na Tawa kusan 14.89 da 5.26 ne. Na arewa ke zuwa farko, na gabas ya biyo. In ka juya su ka aika mutum dajin da ke iyakar Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Kuma kada ka yanke wutsiyar. Alƙaluma biyu bayan ɗigo suna iya kauce wa gida da kilomita guda. Huɗu ko biyar ne ke kai mutum ƙofa.

Salula na iya gano wurin ko babu layi, don da tauraron ɗan'adam take magana. Ka ɗauki hoton allon, in ka shigo gari ka tura. Wannan lambar ba ta maye gurbin 5000 a ambulan. Amfaninta ga direba ne, da mai kawo kaya, da ranar da ba a fata, in ana neman motar asibiti ta zo da dare.

Mataki na takwas: bin sawu da karɓa

Ka ce wa mai aikowa ya yi rajistar saƙon, ko da zai ƙara kuɗi. Za a ba shi lamba mai gurbi 13: haruffa biyu, alƙaluma tara, sai haruffa biyu na ƙasar da kayan suka taso, FR in Faransa ce, CN in Cana ce. Harafin farko ma na magana: R wasiƙa mai rajista, C kwali, E na gaggawa. Ya turo maka hoton rasit ɗin, kada ya karanto ta a murya. Da ita za ka duba a shafin gidan wayar ƙasar da aka aiko, da ita kuma za ka je taga ka tambaya. In ka ga bayanin ya tsaya bayan kaya sun shigo ƙasa, kada hankalinka ya tashi. Jira ƴan kwanaki, ka je da lambar a rubuce.

Kwali kan bi ta hannun duwan, wato ƴan kwastan, don haka mai aikowa ya rubuta gaskiyar abin da ke ciki da kimarsa a ƴar takardar da ake mannawa. Ranar karɓa a je da kati, da ɗan abin da za a iya nema na haraji ko na ajiya, a kuma karɓi rasit. In mai sunan ba zai iya zuwa ba, a tambaya tun da wuri abin da wakili zai kawo.

Daga nan sai hanyarmu ta gado. Kaya su kwana a shago, ran kasuwa a ba direban garin ko wani dattijo mai komawa, a kira gida a ce ga shi nan tafe a hannun wane. Ka rubuta sunan mai shi da lambar waya a jikin kwalin da babban alƙalami, fuska biyu.

In kai ne mai aikawa waje, ƙa'idar ɗaya ce, sai dai kowace ƙasa da tsawon lambarta. Najeriya shida ce, babban ofishin Sakkwato 840001, na Kano 700001. Aljeriya biyar, biyun farko na jiha, Tamanrasat 11000. Abijan kuwa salonta daban: lambar ofishin unguwa ce ke zuwa gaba da baya, kamar 01 BP kaza Abidjan 01, in ka bar ta ka bar rabin adireshi. Ka ce ɗan'uwanka ya turo maka a rubuce, ka kwafa yadda yake, har da abin da kake ganin bai da amfani.

Tabaran kawu sun iso bayan sati huɗu. Mai akwatin ya kira ni, na karɓo takardar sanarwa, kawu ya shigo ran Lahadi da katinsa muka je tare. A bakin ofishin ya ɓare kwalin, ya sa su, ya ɗaga rasit ɗin yana dubawa kamar mai neman kuskure. Da muka dawo shago na buga masa adireshin a ƴar takarda girman kati, da lambar taswirar ƙofar gidansa a baya, na rufe ta da leda mai zafi. Ya juya ta, ya sa a aljihun gaba tare da katin shaida.

Ya kai ƙofa ya juyo. "Ɗana, buga mini guda ukku. Maƙwabcina nasa biyu na Libiya, ɗaya na Gabon."